Ƙarancin oksijin a cikin ƙari: me zai iya gaya wa likitan sankarar kai da wuya?

Gashin da ake yi wa sankara da haske mai ƙarfi, wanda likitoci ke kira radiyoterafi, ba ya cin ƙwayoyin sankarar yadda ya kamata sai da oksijin a wurin. Tun 1953 Louis Harold Gray da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa ƙwayar da ba ta da oksijin a lokacin gashi sai an ninka mata haske sau biyu da rabi zuwa uku kafin ta mutu kamar 'yar'uwarta mai oksijin. Hasken yana farfasa ruwan da ke cikin ƙwayar, ya fitar da wasu ɓarɓashi masu zafin nama waɗanda ba sa kai ƙiftawar ido a raye, su kuma su ji wa DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayar, rauni. In oksijin na kusa, sai ya manne a bakin raunin ya hana shi gyaruwa. In babu shi, ƙwayar takan ɗinke abinta ta ci gaba da rayuwa.

Wannan magana ta fi nauyi a sankarar kai da wuya, wato ta baki da harshe da maƙoshi da maƙogwaro, wadda ke kama kusan mutum 900,000 a duniya duk shekara. Idan cutar ta yi nisa amma ba ta bazu cikin jiki ba, gashi ne ginshiƙin magani: gire 70 a ma'aunin haske, cikin zama 35, mako bakwai, sau da yawa tare da maganin cisplatin. Ba kuma yadda za a ninka wannan adadi sau uku, domin a wuri ɗaya ne lakar ƙashin baya da mabuɓɓugar miyau da tsokokin haɗiya suke cunkushe. Sannan idan wannan sankara za ta dawo, galibi a inda aka gasa take dawowa, ko a kaluluwar wuya. Ke nan 'yan ƙwayoyin da suka tsira daga hasken su ne ke yanke hukunci.

A 1955 Thomlinson da Gray suka duba yankakken naman sankarar huhu a madubin likita, suka ga wani tsari da ke maimaita kansa. Kusa da hanyar jini ƙwayoyi ne lafiyayyu, cike suna rarrabuwa. Da an matsa kimanin maikiromita 150, kaurin gashin kai biyu ke nan ko makamancin haka, sai a tarar da mataccen nama. Tsakanin masu rai da matattu akwai siririn layi na ƙwayoyin da oksijin ya kusa ƙare musu: ba su mutu ba, gashi kuma ba ya cin su sosai. Daga baya aka gano wani nau'in na biyu. Hanyoyin jinin da ƙari ke ƙera wa kansa karkatattu ne masu yoyo, sukan toshe na mintoci ko sa'o'i su sake buɗewa. Wurin da ke da oksijin da safe yana iya rasa shi da rana. Duk wahalar auna wannan abu daga nan ta taso, domin abin da ake son aunawa ba ya zama wuri ɗaya.

Kafin a shiga hanyoyin awon, akwai tambayoyi biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma a ganina cakuɗa su ne ya ci wa wannan fage shekaru. Ta farko: wannan majinyaci, cutarsa mai taurin kai ce ko mai sauƙi? Ta biyu: in na canza masa magani, zai amfana? Alama tana iya amsa ta farko sarai, ta kasa ta biyu. Misali mafi sauƙi shi ne ƙarancin jini. An daɗe da sanin cewa majinyacin da ya fara gashi jininsa ƙasa ya fi fuskantar dawowar cuta. Hankali zai ce a ƙara masa jini. An yi haka a gwaje-gwajen ƙungiyar DAHANCA ta Denmak, sakamako bai gyaru ba. Aka koma allurar da ke sa jiki ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, wato eritropoyetin, sai gwajin Michael Henke na 2003 mai mutum 351 ya nuna jinin ya hau, amma waɗanda aka yi wa allurar cutarsu ta fi saurin ci gaba. Alamar ba ta yi ƙarya ba, ta nuna wanda ke cikin haɗari. Gyara ta ne bai gyara haɗarin ba.

Awo na kai tsaye shi ne na allurar lantarki ta kamfanin Eppendorf. Akan kashe zafin fatar wuya, a soka siririyar allura cikin kumburarriyar kaluluwa, kwamfuta ta riƙa tura ta ƙasa da milimita ɗaya, ta ja ta baya kaɗan don a rage matsi, ta karanta, ta sake turawa. A bi layi uku ko huɗu a haka har a tara karatu da dama. Lafiyayyen nama yakan nuna matsin oksijin 30 zuwa 60 a ma'aunin milimitar makuri, ƙarin kai da wuya kuwa tsaka-tsakinsa yana wajen 10, wasu wuraren kusan sifili. A 2005 Marianne Nordsmark ta haɗa bayanan mutum 397 daga cibiyoyi daban-daban, ta nuna cewa waɗanda karatunsu ya fi yawan faɗuwa zuwa 2.5 ko ƙasa sun fi saurin mutuwa. Wannan ya rufe gardamar ko ƙarancin oksijin yana da tasiri a jikin mutum. Amma allurar ba ta kai ga ƙarin da ke can gindin harshe ko cikin maƙogwaro, kuma ba ta bambance ƙwaya mai rai da ke shaƙe da mataccen nama, duka biyun sifili take karantawa. Ba ta taɓa zama aikin yau da kullum a asibiti ba.

Sai aka koma ga naman da ake yanko don gwaji. Akwai wani sinadari, pimonidazole, da ake ɗura wa majinyaci ta jijiya sa'o'i kaɗan kafin a yanki naman. Yana shiga kowace ƙwaya, amma ba ya maƙalewa sai inda oksijin ya faɗi ƙasa da 10. Idan aka rina naman aka sa a madubi, sai a ga zobba masu launi sun kewaye hanyoyin jini daga nesa, daidai inda Thomlinson da Gray suka yi hasashe. A Holan an yi amfani da shi a gwajin ARCON, inda mutum 345 masu sankarar maƙogwaro aka raba su: wasu gashi kawai, wasu gashi tare da shaƙar iska mai kashi 98 cikin 100 na oksijin da shan nikotinamaid don buɗe hanyoyin jini. Sakamakon da ya fito a 2012 bai nuna bambanci a kan asalin ƙarin ba, amma a kaluluwar wuya an samu kashi 93 a kan 86. A ƙaramin rukunin da aka yi wa awon pimonidazole, ribar ta tattaru ne ga masu ƙarancin oksijin. Alama ce mai amsa tambaya ta biyu, sai dai mutanen kaɗan ne, kuma dole a shirya ɗurin kafin a san ma ko sankara ce.

Saboda wannan ƙa'idar ne masu bincike suka fi karkata ga furotin da ƙwayar ke ƙerawa da kanta idan ta shaƙe, tunda ana iya neman su a kowane nama da aka adana. Jagoransu HIF-1 alfa, wanda aikin gano shi da yadda yake aiki ya ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019. In akwai oksijin, ƙwaya tana rushe shi cikin mintoci. In babu, sai ya taru ya kunna ƙwayoyin gado masu yawa: CA9 mai daidaita tsami, GLUT-1 mai jawo sukari, VEGF mai kiran sababbin hanyoyin jini. An yi rubuce-rubuce masu tarin yawa a kansu, sakamakon kuwa ya ƙi tsayawa. A 2001 wani bincike a Siwizalan ya nuna yawan HIF-1 alfa yana tafiya da mummunan sakamakon gashi a sankarar maƙoshi. Shekara ɗaya bayan haka wani daga Oxford, a kan waɗanda aka yi wa tiyata, ya nuna akasin haka.

Ba abin mamaki ba ne in an duba da kyau. Sankara tana iya kunna HIF ta wasu hanyoyin ko da oksijin ya wadata. Sannan HIF yana tashi tun oksijin bai faɗi zuwa matakin da ke hana gashi aiki ba, domin taurin kai ga gashi ba ya yin tsanani sai ƙasa da 5, yayin da HIF ke farkawa tun sama da haka. HIF yana ɓacewa cikin mintoci, CA9 yana kwanaki, saboda haka ɗaya labarin yanzu yake bayarwa, ɗayan na shekaranjiya. Ga mintocin da nama ke yi a faranti kafin a jefa shi cikin ruwan adanawa, ga kowane ɗakin gwaji da nasa layin da yake cewa daga nan an yi yawa. Uwa uba, ɗan yankin da bai wuce 'yan milimita ba ake ɗora wa nauyin faɗin halin ƙari mai santimita huɗu.

Labarin da ya fi kowanne koyarwa shi ne na nimorazole, maganin sha da ke kwaikwayon oksijin: yana kutsawa har inda oksijin bai kai ba, ya manne a raunin DNA a madadinsa. A gwajin DAHANCA 5, wanda Jens Overgaard ya jagoranta tsakanin 1986 da 1990, an raba mutum sama da 400 ta hanyar ƙuri'a. Bayan shekara biyar, kashi 49 cikin 100 na masu nimorazole cutarsu ba ta dawo a wuya ba, a kan kashi 33 na masu maganin bogi. Denmak ta mai da shi ƙa'ida, yawancin ƙasashe ba su bi ba. A 2011 Overgaard ya tattara gwaje-gwaje 32 masu mutum 4,805 na duk dabarun yaƙi da ƙarancin oksijin, jimillarsu ta nuna riba.

Jinin da naman waɗancan majinyata suna ajiye, sai aka koma kansu ana neman wa ya amfana. A 2005 aka nuna cewa masu yawan furotin osteopontin a jini su ne suka ci ribar nimorazole. Gwajin jini kawai, abin ya yi daɗin ji, amma da aka gwada shi a wani babban gwaji na Ostireliya bai maimaita kansa ba. A 2011 Kasper Toustrup a Aarhus ta Denmak ya fito da jerin ƙwayoyin gado 15 da ake auna ƙarfin aikinsu gaba ɗaya, maimakon dogaro da furotin guda. Jerin ya raba naman DAHANCA 5 gida biyu, ya nuna ribar tana ga masu tsananin ƙarancin oksijin, musamman waɗanda sankararsu ba ta da alaƙa da ƙwayar cutar HPV. A Oxford da Manchester ma an gina irin wannan jeri, daga 99 aka tace zuwa 26.

Da aka zo gwada su ta gaba, wato a ɗauki sababbin majinyata a bi su a gani, haƙa ba ta cimma ruwa ba. Gwajin NIMRAD na Birtaniya ya ɗauki mutum 338 da jikinsu ba zai ɗauki cisplatin ba, yawancinsu tsofaffi, ya raba su tsakanin nimorazole da maganin bogi, ya yi amfani da jerin 26 wajen ware masu ƙarancin oksijin. Sakamakon da aka buga a 2024 bai nuna riba tabbatacciya ba ko a wannan rukunin, sai ƙarin tashin zuciya. Gwajin EORTC 1219 na Turai, mai jerin 15 tare da cisplatin, an rufe shi bai kai adadin da aka tsara ba, shi ma bai nuna riba ba.

Ba na ganin wannan ya rushe ilimin da ke ƙasa. Gashin 1986 ba shi ne na yau ba. Yanzu ana sassaƙa haske daidai surar ƙari, ana gama zama a kan lokaci, cutar ba ta dawowa kamar da, saboda haka gurbin da nimorazole zai cike ya ragu. Majinyatan ma sun canza: kaso mai yawa na sankarar maƙoshi a Turai da Amurka yanzu HPV ne sanadinta, ita kuwa tana jin gashi sosai. A binciken Kian Ang na 2010, kashi 82 cikin 100 na masu HPV suna raye bayan shekara uku, a kan 57 na marasa ita. Amma dole a faɗi ɗaya ɓangaren ba tare da kwana-kwana ba: alamar da aka gano ta waiwaye, a cikin naman da an riga an san makomar masu shi, ba a dogara da ita sai ta ci jarrabawar gaba, kuma jerin ƙwayoyin gado bai ci ba tukuna. Denmak ta ƙaddamar da gwajin DAHANCA 30, wanda ya juya tambayar: shin za a iya janye nimorazole daga waɗanda jerin 15 ya ce oksijin ɗinsu da sauƙi?

Hanyar da ta fi dacewa da abu mai motsi ita ce hoto, domin yana kama ƙarin duka kuma ana iya maimaita shi. A hoton PET, mai bin sawun sinadarin da aka sa a jiki, ana ɗura sinadarin FMISO, ɗan'uwan pimonidazole da aka liƙa wa fulorin-18 mai fitar da haske. Majinyaci ya jira sa'a biyu zuwa huɗu har wanda bai maƙale ba ya wanke daga jiki, sannan ya kwanta, a ɗaure kansa da irin ragar robar da ake gasa shi a ciki don hoton ya dace da taswirar gashi. Abin da ke fitowa ba shi da kaifi: ɗan haske ne sama da na tsokar wuya, sai an auna rabonsu kafin a ce ga wurin. FAZA da HX4, wasu sinadarai irin FMISO, an ƙera su ne don su fi saurin wankewa. A Aarhus, cikin mutum 40 da aka yi wa FAZA, kashi 93 cikin 100 na marasa ƙarancin oksijin sun kasance ba cuta, a kan 60 na masu shi.

Abin da ƙungiyar Daniel Zips ta gano a Dresden ta Jamus a 2012 ya fi wannan muhimmanci. Sun ɗauki hoton kafin gashi da kuma lokacin da ake cikinsa, suka ga hoton mako na farko da na biyu ya fi na kafin farawa faɗin gaskiya. Yawancin ƙari suna da ƙarancin oksijin a ranar farko. Da gashi ya kashe ƙwayoyin da ke kusa da hanyar jini, masu cinye oksijin sun ragu, sai ya isa ga na nesa, su ma su zama abin ci a zama na gaba. Wannan ne ma ɗaya daga dalilan rarraba gashi kashi-kashi. Ƙarin da ya yi mako biyu ana gasa shi bai buɗe ba, shi ne mai haɗari. Naman da aka yanka kafin magani ba zai taɓa ba da wannan labari ba, komai kyawun jerin da aka auna a cikinsa.

An taɓa samun damar gwada PET a matsayin mai zaɓen magani, aka bari ta wuce, kuma abin da ciwo. Tirapazamine magani ne da ba ya zama guba sai a inda babu oksijin. A wani ƙaramin gwaji da Danny Rischin ya buga a 2006, cikin masu ƙarancin oksijin a hoton FMISO, 8 cikin 13 da ba a ba su maganin ba cutarsu ta dawo a wuya, a kan 1 cikin 19 da aka ba. Amma babban gwajin da ya biyo baya, mai mutum 861 a ƙasashe 16, ya ɗauki kowa ba tare da awon oksijin ba, ya fito a 2010 babu bambanci. Da aka bincika ingancin gashin da aka yi musu, sai aka tarar kimanin kashi 12 cikin 100 an yi musu shi da manyan kurakurai, kuma a cikinsu rabi kawai suka kai shekara biyu, a kan kashi 70 na waɗanda aka yi wa daidai. Maganin ya mutu a nan, ba a san ko zai taimaki waɗanda aka ƙera shi dominsu ba.

Akwai masu ƙoƙarin ƙara haske a daidai wurin da hoton ya nuna. A Tübingen ta Jamus an ɗaga shi daga gire 70 zuwa 77, alamu sun yi kyau, amma mutanen ba su kai a yanke hukunci ba. Matsalar ita ce wurin yakan matsa daga mako zuwa mako.

Nasara mafi jan hankali ta zo ta ɗayan ɓangaren. A cibiyar Memorial Sloan Kettering da ke New York, Nancy Lee da Nadeem Riaz suka tambaya: in rashin oksijin ne ke sa a buƙaci gire 70, wanda ba shi da wannan matsala me zai yi da 70? Suka ɗauki masu sankarar maƙoshi mai HPV, aka cire asalin ƙarin da tiyata, aka fara gashin wuya da kemoterafi, aka yi hoton FMISO bayan mako ɗaya zuwa biyu. Wanda kaluluwarsa ba ta nuna ƙarancin oksijin ba, sai a tsaya masa a gire 30, mako uku ke nan maimakon bakwai. A rahoton 2024, cikin mutum 152, an tsaya wa 128 a kan 30, sauran 24 suka kai 70. Bayan shekara biyu, kusan kashi 95 cikin 100 cutar ba ta dawo a wuya ba, kuma babu wanda ya rasu. Duk wanda ya san halin mai gashin wuya a mako na shida, baki ya saluɓe, miyau ya ƙafe, ruwa ma sai da dabara, wani har an sa masa robar abinci ta ciki, ya san abin da gire 40 da aka ɗauke masa ke nufi.

Na fi yarda da wannan hanya saboda ta nemi hoton ya yi abin da ya iya. Faɗin cewa ga iyakar wurin da ya shaƙe, a milimita kaza, ya fi ƙarfin hoto mai dishi-dishi. Faɗin cewa akwai ko babu, a mako na biyu, bai fi ƙarfinsa ba. Duk da haka ba a raba waɗannan majinyata ta ƙuri'a ba, kuma zaɓaɓɓu ne masu ƙaramin ƙari da cuta mai jin magani. An taɓa sassauta wa masu HPV magani a kan kyakkyawan zato, aka musanya cisplatin da wani magani mai suna cetuximab, manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2019 suka nuna mutane sun fi mutuwa. Sai an gwada 30 da 70 kafaɗa da kafaɗa, a cibiyoyi da yawa masu na'urori daban-daban, kafin a mai da shi ƙa'ida. Fulorin-18 kuma rabin ƙarfinsa yana tafiya duk minti 110, saboda haka dole wurin haɗa sinadarin ya kasance kusa da asibitin. Shi ya sa ake sa ido a kan wata dabarar hoton MRI da ake gwadawa a Manchester, inda majinyaci ke shaƙar tsantsar oksijin yana cikin na'urar, a ga ɓangaren ƙarin da bai amsa ba, ba tare da ɗurin wani sinadari mai fitar da haske ba.

Waɗanda suka fi buƙatar amsa su ne masu sankarar da taba da giya suka jawo, marasa HPV, domin su ne cutar ta fi dawo wa, kuma su ba a maganar rage musu gashi. A wurinsu hoton mako na biyu yana iya nuna wanda ke cikin haɗari, amma har yanzu babu magani ko ƙarin haske da gwajin ƙuri'a ya tabbatar zai cece shi bayan an gano shi. Abu ɗaya da ke hannun majinyaci tun ranar farko shi ne taba: hayaƙinta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid da ke kama gurbin oksijin a jini, kuma tun binciken George Browman na 1993 aka nuna cewa masu ci gaba da shan ta lokacin gashi sakamakonsu ya fi muni fiye da na waɗanda suka ajiye ta kafin a fara.